Hotunan da na ɗauka daga nesa lokacin korona

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020 aikina ya tsaya cak, kyamara na ajiye tana shan ƙura. Da aka ɗan sassauta kulle sai na fara fita ina ɗaukar wuraren da suka yi fayau, ƙofar makaranta da kwaɗo, filin ƙwallo ciyawa ta cinye shi, amma ina zuba su a kwamfuta na ga wallahi ba su da rai ko kaɗan.

Ƙanwata ce ta leƙo ta ce "Yaya, ai ba wurin ake kewa ba, wanda ake zama da shi a wurin ake kewa." Maganar nan ta zauna min. Daga nan duk matashin da ya yarda tambaya 2 kawai nake masa, ina ne wurin da ya fi tsaya maka a rai, kuma wa kake so ya tsaya tare da kai?

Wuraren da suka kai ni sun ba ni mamaki fa, ni ina zaton wurare masu kyau za su zaɓa, ashe a'a. Wasu abokai biyu bayan katangar makarantarsu suka kai ni inda suka kankare sunayensu da ƙusa, ɗaya ya zauna can ɗaya nan da tazarar mita 2 a tsakani, sai na bar tazarar nan a tsakiyar hoton ban yanke ta ba don ita ce labarin.

Kuskurena na farko yawan ba da umarni, matso nan, ɗaga kai, ga takunkumi a bakina ga nisa, sai ihu nake suna ƙara sandarewa. Da na koma lens na 85mm, gilashin kyamara mai jawo abu kusa daga nesa, na ja baya na yi shiru, bayan kamar minti 10 sai su manta da ni su shiga hirarsu. Kuma tunda takunkumi ya rufe murmushi dole na koyi kallon ido da hannu, yadda yarinya ke murza bakin rigar ƙawarta, ko yadda kafaɗa ke saukowa in mutum ya saki jiki.

Wanda bai kai 18 ba sai na nemi izinin iyayensa, kuma kowa sai ya ga hotonsa kafin wani ya gani. Wata ta ce in goge nata, shi ne ma ya fi kyau a ranar, raina bai so ba amma na goge a gabanta.

Wanda har yau ke taɓa min zuciya na wani yaro ne da kakarsa, an hana shi shiga ɗakinta saboda shekarunta, kullum ta taga suke gaisawa. Gilashin sai nuno ni yake a hoton, washegari na dawo da baƙar riga na tsaya ta gefe. Ya ɗora tafinsa a waje ta ɗora nata daga ciki tana cewa "maigidana ka rame." Kwafi 2 ya ce in wanke masa, ɗaya ya zura mata ta ƙasan ƙofa.