Wasiyyar da ta kwana a durowa

Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman bene a Kano, ni da magatakarda ɗaya da yarinyar da ke buga mana takardu. Muna rubuta wa mutane wasiyya, muna kuma haɗa takardun gado kafin a shiga kotun Shari'a. Kasuwarmu tana ci ne gab da tashin alhazai. Mutum ya biya kuɗin kujera sai ya tuna mutuwa, ya zo a rubuta. Ya dawo lafiya, an sha zamzam an ci dabino, takardar kuma ta shige durowa, ba mai sake waiwayarta.

Wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ya yi wa ƙanensa wasiyya da shago ɗaya. A lokacin yana da ɗa namiji, saboda haka ƙanen ba magaji ba ne, shagon kuma bai kai sulusin dukiyar ba. Bayan 'yan shekaru ɗan ya rasu bai yi aure ba, aka bar dattijon da 'ya'ya mata uku. Ranar da ya cika, ƙanen nan ya zama magaji, shi ke ɗaukar abin da ya rage bayan matar dattijon da 'ya'yan sun karɓi rabonsu. To, babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, kuma ranar mutuwa ake dubawa, ba ranar da aka sa hannu ba. Suka ce ba su yarda ba. Da a ce dattijon ya leƙo mu bayan rasuwar ɗan, shawara ɗaya ce: ya ba ƙanen shagon kyauta tun yana raye, ya miƙa masa makulli a gaban shaidu.

Abin da ya fi saurin tsufa a takardar shi ne lissafin bashi, alhali shi ake fara biya bayan kuɗin jana'iza, kafin wasiyya, kafin gado. Sai kuma sunan makusanci (next of kin) da aka rubuta a fom ɗin banki ko na fansho, wanda mutane ke ɗauka shi ne mai dukiyar. Na sha ganin sunan matar da aka yi wa saki tuntuni.

Shi ya sa duk watan Muharram nake kiran kowa a waya: "Alhaji, an yi haihuwa? An yi rashi? An ƙara aure? An sayar da fili?" Wasu su yi dariya, su ce ina yi musu fatan tsiya. Ba na karɓar kuɗin wannan kira.