Darussan da na koya a aikin gyaran ƙofofin ƙauyukan bakin teku

Duk wanda ya yi aikin fenti a ƙauyen masunta ya san tambayar da baƙi ke fara yi: me shuɗiyar ƙofa ke nufi, me ja ke nufi? So suke a ce musu wannan launi na mai kwalekwale ne, wancan na gwauruwa ne. Babu irin wannan jadawali da ya game kowane ƙauye, kuma mai fentin da ya ƙirƙiro shi don faranta wa baƙo rai ya zalunci masu gidan. Abin da ke kawo launi a ƙofa sau da yawa shi ne abin da ya saura a gwangwani bayan an gama fentin kwalekwale, sai ƙarfin aljihu, sai doka, sannan abin da mutanen gidan suka gada suka riƙe.

A tsibiran Lofoten na Norwe, ɗakunan masunta jajaye ne saboda jan fenti ne mafi araha, ana haɗa shi da jar ƙasa mai ƙarfe da man hantar kifi. Farin fenti yana da tsada, shi ya sa farin gida ya zama alamar mai hali. A Sidi Bou Said na Tunisiya, dokar 1915 ce ta kare ƙauyen ta tabbatar da fari da shuɗi, kuma Rodolphe d'Erlanger, wani Bature mai zane wanda ya gina fadarsa a can, yana da hannu a lamarin. A tsibirin Burano kusa da Benis a Italiya, sai ka nemi izini kafin ka sake wa gida fenti, a gaya maka launin da aka yarda da shi. Mutanen wurin suna faɗin cewa launukan sun taimaki masunta gane gidajensu cikin hazo. Wuri uku ke nan, kowanne da dalilinsa, kuma na wani ba ya bayyana na wani.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a wannan sana'a ba na hannun ma'aikaci ba ne, daga sama yake zuwa. Mai kula da aiki zai zo da hoto guda da ya gani a takardar tallan yawon buɗe ido, ya ce a kankare kowace ƙofa har katako, a shafa mata shuɗi iri ɗaya, kuma a gama kafin ranar biki. Idan ka ce a dakata a duba abin da ke ƙarƙashi, sai a ce kana ɓata lokaci. Ƙofar da ta shekara tamanin tana iya ɗauke da shafi bisa shafi na fenti, kowanne da zamaninsa: koren da ya yi daidai da kwalekwalen kakan gidan, baƙin kwalta na lokacin da babu kuɗi, farin da aka sa da hali ya samu. Injin kankara yana share wannan duka cikin sa'a ɗaya, kuma ba ya dawowa. Ranar da mai gida ya fito ya ga an mai da ƙofar mahaifinsa kamar ta kowa, mai burushi yake kallo. Wanda ya ba da umarnin yana ofis, kuma sunansa ne zai fito a rahoton nasara.

Abin takaicin shi ne dubawar ba ta cin ko rabin wuni. Ka nemi wurin da rana da ruwan sama ba sa bugu, kamar saman kyaure ƙarƙashin katakon saman ƙofa ko gefen hinji. Da reza mai kaifi ka buɗe ƴan murabba'ai a jere, kowanne kamar santimita 2, na farko ka ɗaga shafi ɗaya, na biyu shafi biyu, haka har ka kai katako. Ka ɗan jiƙa wurin don launi ya fito, ka ɗauki hoto da hasken rana, ka rubuta lambar gida. Kada ka ɗauki fentin shimfiɗa, wato shafin farko da ake yi wa katako, a matsayin launin ƙofa: shi yawanci fari ne ko ruwan toka, kuma babu siririn layin datti a kansa, alhali launin da ya sha iska shekaru yana da shi. Daga nan ka kai hoton wurin dattijon gidan ko dattijuwa, ka ce: "Baba, wanne kuka sani a cikin waɗannan, kuma wa ya shafa shi?" Abin da suka faɗa shi ne ma'anar launin a wannan gida, ka rubuta shi yadda suka faɗa.

Darasi na biyu gishiri ne. Iskar teku tana ajiye shi a kan katako ko ba ka gani, shi kuma yana jan danshi. Idan aka yi fenti a kansa, cikin watanni kaɗan sai ƙuraje su taso fentin ya fara ɓarewa, a ɗora laifin a kan kamfanin fenti. A wanke ƙofa da ruwan daɗi kafin a goge ta da sanfefa, domin gugar kafin wanki tura gishirin take yi cikin katako. A bar ta ta bushe har danshin katako ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. A fara guga da sanfefa mai lamba 80, a bi da 120, a ƙare da 180. Shafin shimfiɗa ɗaya, na tsakiya ɗaya, na sama biyu, dukansu sirara. Lita guda tana rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12, kyaure mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90 kuwa, gaba da baya, bai kai murabba'in mita 4 ba. Kada a shafa idan laimar iska ta haura kashi 85, ko da yamma lis lokacin da raɓa ke shirin sauka, don fentin zai wayi gari a dushe. Idan an kwana tsakanin shafi da shafi, a sake goge ƙofar da tsumma mai ruwan daɗi.

Wurin da ƙofa ke fara ruɓewa shi ne gindinta, inda babu mai leƙawa. A cire kyauren daga hinji, a shafe gefen sama da na ƙasa kamar yadda aka shafe fuska.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, saboda haka ba a ƙona shi ba a kuma goge shi a bushe, musamman a gidan da ke da yara. Ragowar fentin jikin kwalekwale na sama yana yi wa ƙofa kyau, amma na ƙarƙashinsa, mai hana halittun ruwa mannewa, guba ne kuma yana bin hannu. Jan da aka yi da ƙasa mai ƙarfe yana jure rana, ja mai ƙyalli kuwa shi ke fara koɗewa. Launi mai duhu a ƙofar da ke fuskantar rana yana zafafa katako har gaɓoɓi su buɗe. Hinji da ƙusoshi su kasance na tagulla ko ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, domin mai lamba 304 yana yin tabon tsatsa a bakin teku, ya zubo jan layi a kan sabon fenti.