Ranar da sakamakon gwajin jini ya fito

Alhamis, bayan sallar isha'i.

Da hantsi ina duba takardun ɗalibaina Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce sakamakon gwajin jinin 'yarta da na yaron da ke neman aurenta ya fito, kuma su biyun duk AS ne, wato suna ɗauke da irin cutar sikila, amosanin jini, ko da yake ba su da cutar. Tun da aka sanya hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a shekarar 2024 nake jin irin wannan labari, amma yau ne ya shigo gidanmu. Ina idar da sallar la'asar na kama hanya.

Na tarar da yarinyar zaune a bakin gado, ta ninke takardar har ta koma kamar laya, tana jujjuya ta a tafin hannu. A tsakar gida kuwa manya sun kasu biyu. Baffa yana cewa a zamaninsu babu wanda ya san wani gwaji, kuma an yi aure an hayayyafa. Goggo kuma ta ce dama ita ta ji a jikinta cewa jinin gidan yaron nan ba shi da kyau. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, domin jinin da take aibatawa shi ne a jikin jikarta, kuma daga cikinmu ta gaje shi.

Na ɗebo ƙwallayen dabino huɗu daga faranti na jera a kan tabarma. Na ce idan AS ya auri AS, kowane ciki yana iya faɗawa kan ɗaya daga cikin huɗun nan: ɗaya AA marar irin cutar, biyu AS, ɗaya SS mai amosanin jini. Na jaddada cewa lissafin sabo yake dawowa a kowane ciki, don haka ana iya haihuwar sikila uku a jere.

Sannan na juya ga Goggo. Na ce, "Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya, kin taɓa tambayar kanki me ya sa cutar da ke kashe yara ba ta ƙare ba, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da irinta?" Amsar tana wurin sauro. A shekarar 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a Gabashin Afirka, ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da zazzaɓi ke ɗauke ƙananan yara duk damina, masu AS sun fi tsira su girma su haihu, sai irin ya yi ta yaɗuwa daga kaka zuwa jika. Wannan shi ne abin da masana ilimin sauyawar halittu ke kira zaɓin yanayi, kuma ni a wurina sababi ne daga cikin sabuban da Allah ya tsara. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, ya gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma da wuya a sami babba mai SS a ƙauyukan, alhali kason masu AS ya fi yawa a manya fiye da jarirai. Na ce wa Baffa ina kyautata zaton da yawa daga cikin yaran da ake cewa wabi ya cinye, wannan ne ajalinsu. Ya yi shiru, domin mahaifiyarsu ta binne huɗu.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin yadda ake karkatar da wannan ilimi. Francis Galton, ɗan uwan Charles Darwin masanin da ya yi fice da bayanin zaɓin yanayi, ya kafa aƙidar tace irin ɗan Adam a 1883, kuma da ita aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfin doka a Amurka. Ko masu AS ba su tsira ba, domin a shekarun 1970 an hana wasu baƙaƙen fata aiki da inshora saboda shi, kuma sai a 1981 makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka ta daina ƙin karɓarsu. Ina goyon bayan gwajin kafin aure ɗari bisa ɗari, amma ina tsoron ranar da haruffa biyu a takarda za su zama tambarin da ake auna darajar gida da shi, kamar yadda na ji an fara ɗazu a tsakar gidan Yaya.

Kafin in fito, yarinyar ta biyo ni zaure ta ce, "Kawu, to ni ma jinina ba shi da kyau ke nan?" Na ce mata ni ma AS ne, kuma da wannan jinin kakanninta suka tsallake daminar da ta ci tsararrakinsu. Ba ta ce komai ba, sai ta warware takardar ta miƙo mini, ta roƙe ni in je in yi wa iyayen yaron bayanin da na yi da ƙwallayen dabino. Na yi mata alƙawarin zuwa gobe bayan sallar Juma'a.