Ranar da Na Sa Aka Sare Wa Mangwarona Kai

Mangwaron da ke tsakar gidana ya riga ni zuwa gidan, a nan na tarar da shi lokacin da muka tare. Inuwarsa ta rufe rabin tsakar gida, sai dai wani reshe mai kauri ya miƙe har kan rufin ɗakin yara, da iska ta taso sai ka ji yana gogar kwano. Wani dare aka yi iska mai ƙarfi, ban runtsa ba. Gari na wayewa na nemo wani mai injin zarto.

Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Malam, a sare masa kai kawai ka huta." Kafin rana ta take ya zubar da manyan rassan duka, ya bar guntaye a tsaye, ya shafe bakin kowane yanka da baƙin mai. Na biya shi har da godiya.

Damina na sauka toho ya fito birjik, sirara dogaye, kowane guntu da goma ko fiye. Na yi murna, na ɗauka bishiya ta farfaɗo. A damina ta uku ɗaya daga cikinsu, wanda ya kai kaurin cinyata, ya ɓalle ya faɗo daidai inda yara ke wasa. Allah Ya kiyaye ba kowa a wurin. Da na hau tsani na duba inda ya ɓalle, itacen ya yi baƙi ya yi laushi, har yatsana na nutsewa a ciki.

A karo na biyu sai da na yi tambaya sosai, har aka haɗa ni da wani da ya karanci kimiyyar itatuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki, ƙasa ya fara dubawa. Ya zagaya gindin, ya tone ƙasar da na tara a jikinsa, ya ƙwanƙwasa jikin bishiyar da guduma yana sauraren ko akwai kogo. Sannan ya tambaye ni yaushe na daɓe wurin da siminti. Ya ce mafi yawan saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwarta, don haka simintin ya hana su ruwa da iska.

Batun tohon ne ya fi tsaya mini a rai. Ya ce reshen asali tun yana ƙarami yake saƙe da jikin bishiya, shekara bayan shekara. Shi kuwa tohon da ya fito bayan an datse kai, a saman itace kawai yake manne, ga shi yana girma da sauri, ga ruɓa na cin guntun da ke ɗauke da shi. Ya ambaci Alex Shigo, wani masanin cututtukan itatuwa na hukumar gandun daji ta Amurka, wanda ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin ta jikin mutum. Killace wurin da ya ji rauni take yi, ta gina sabon itace a kansa. Ya nuna mini ɗan kumburin da ke gindin kowane reshe, kamar zobe. Idan an yanka reshen dab da wannan zobe, aka bar zoben a jikin bishiya, tana iya rufe ciwon. Idan an share shi, ko an bar dogon guntu, ruɓa ta sami ƙofa. Baƙin mai da fenti kuwa danshi suke riƙewa a ciki.

Na tsaya na kalli yadda yake sauke reshe mai nauyi. Yanka uku yake yi: ɗan kaɗan daga ƙasa, sannan daga sama gaba kaɗan har reshen ya rabu, sai ya dawo ya cire guntun dab da zoben, ya bar zoben. Yankan farko shi ke hana nauyin reshe ya yage ɓawo har jikin bishiya. Kowane reshe da igiya yaransa suka sauke shi, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Ya ƙi cire fiye da kashi 25 cikin 100 na ganyen a shekara ɗaya, ya ce gyaran sai an raba shi shekara uku. Da na nuna masa reshen da ke kusa da wayar lantarki, ya ce, "Malam, wannan sai kamfanin wuta sun kashe layin tukuna, ba zan sa yarana su hau ba." Na ji haushin jinkirin, amma gaskiyarsa ce.

Kafin ya fara mun rubuta komai a takarda: rassan da za a cire, wanda zai kwashe su, da wanda zai biya idan an yi ɓarna ko wani ya ji ciwo. Ya nuna mini takardar inshorarsa da gidajen da ya yi wa aiki, na je na ga biyu da idona.

Yanzu nawa aikin a ƙasa yake. Na fasa simintin, na shimfiɗa busasshen ganye da ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 10, ban bar su sun taɓa gindin ba. Da rani nakan ba shi ruwa sosai a gefen inuwarsa, ba kullum ba. Bayan kowace iska nakan zagaya in duba ko akwai tsagewa, ko naman kaza a gindi, ko ƙasa ta kumbura a gefe ɗaya. Reshen da hannuna bai kai ba ina tsaye a ƙasa, ba na taɓa shi.

Makon jiya ya zo zagaye na uku. Ya nuna mini yankansa na farko, sabon ɓawo ya naɗe shi saura kamar tafin hannu ya rufe. Can sama kuwa ɗaya daga cikin tsofaffin guntayen har yanzu baƙi ne, ya ce shi za mu riƙa sa wa ido kowace shekara.