Harsashin da ya Dace da Farautar Gadu

Aikinmu shi ne gyaran bindigogin farauta, da ɗaura musu madubin hange, da saita su a filin gwaji kafin mu miƙa su ga masu su, kuma a cikin tambayoyin da maharba ke zuwa mana da su babu wadda ta kai ta gadu yawa. Wani zai ce dabbar ba ta da girma, saboda haka ƙaramar bindigar da yake harbin zomo da ita ta ishe shi, wani kuma ya ji labarin taurin ransa, sai ya dage lallai sai ya sayi irin wadda ake tunkarar ɓauna da ita. Duka biyun muna ba su amsa ɗaya: a nemi matsakaicin harsashi mai faɗin milimita 7 zuwa kusan 8, mai nauyi, mai ƙwarin jiki, a cikin bindigar da mai ita zai iya harbawa ba tare da ya runtse ido ba.

Dalilin wannan amsa yana cikin halittar dabbar. Babban namijin gadu yakan kai kilo 60 zuwa 150, macen kuma ba ta cika wuce kilo 75 ba, tsayinsa a kafaɗa kuwa bai kai mita ɗaya ba. Sai dai nauyin nan ya taru ne a gaba, a kan katon kai da wuya mai kauri da kafaɗu masu curarren nama, ga fata mai tauri wadda sau da yawa busasshen taɓo ya lulluɓe. Abin da ya fi damun maharbi shi ne ɗabi'arsa idan ya ji rauni. Gadu yana kwana a ramukan da dabgi ya haƙa, ya san inda kowane rami yake a yankinsa, kuma da zarar ya ji zafi sai ya miƙe wutsiya sama ya zura da gudun da ke kusantar kilomita 50 a awa ɗaya, ya shige ramin da baya, haurensa na fuskantar ƙofa. Dabbar da aka yi wa mummunan harbi ta shige rami, ta tafi ke nan, za ta mutu a hankali cikin azaba, wanda kuma ya ce zai zura hannu ya jawo ta zai gamu da hauren ƙasa masu kaifi. Saboda haka muke son harsashin da zai karya ƙashi, ya ratsa huhu da zuciya, ya fita ta ɗaya ɓangaren, ta yadda ko dabbar ta yi ɗan gudu za ta bar jinin da za a bi sawu.

Ƙananan harsasai ba sa cika wannan sharaɗi. Na .22 Long Rifle, wanda nauyinsa yawanci giram 2.6 ne, ba ma saita shi domin gadu ko nawa mutum zai biya. Na .223 Remington yana da gudu, amma giram 3.6 da aka saba lodawa a cikinsa yakan tarwatse a kan ƙashin kafaɗa kafin ya isa inda ake so. Na .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, shi ne iyakar ƙasa da muke yarda da ita, shi ma da harsashi mai giram 6.5, ga maharbi mai haƙurin jiran dabba ta ba shi gefe sosai. Mukan ba da shi ga matasa da masu ƙaramin jiki, domin naushin da yake yi wa kafaɗa kaɗan ne.

Wanda muka fi saitawa, kuma muka fi amincewa da shi, shi ne .308 Winchester na shekarar 1952. Faɗin harsashinsa milimita 7.82 ne, kwansonsa gajere ne mai milimita 51, don haka bindigarsa takan zo gajera mai sauƙin ɗauka a cikin ƙaya da sarƙaƙiya. Da harsashi mai giram 9.7 yana fita daga baki da gudun kusan mita 860 a daƙiƙa, amma mu mun fi son mai giram 10.7 ko 11.7, wanda ya ɗan rage gudu ya ƙara nutsawa. Yayansa .30-06 Springfield na 1906 faɗinsu ɗaya, kwanson ne ya fi tsawo da milimita 12, ya fi cin albarushi, ya kuma fi dacewa da wanda zai haɗa gadu da manyan dabbobi irin su gwanki a fita ɗaya. Ni dai a zuciyata babu kamar 7x57 Mauser, ƙirar Jamus ta 1892. Harsashinsa dogo ne siriri, mai giram 9 zuwa 11.3, yana tafiya a natse, yana ratsa nama a miƙe ba tare da ya lalata rabin kafaɗa ba, naushinsa kuma mai laushi ne. Shi ma .270 Winchester na 1925 yana yin aikin, musamman a fili mai nisa, muddin an zaɓi mai giram 9.7 an bar masu sauƙi, domin gudunsu yana yin yawa idan dabba tana kusa.

A hannun maigidan da ya koya mini aiki na fara ganin yadda ake gane bindigar da ta fi ƙarfin mai ita. Idan mutum ya zo yana yabon katuwar bindigarsa, maigida ba ya musu da shi. Sai ya kai shi filin gwaji, ya ce ya juya baya, ya loda masa, wani lokaci da harsashi, wani lokaci ya bar ta wayam, sannan ya miƙa masa. Duk wanda tsoron naushi ya riga ya shige shi, ranar da kunama ta faɗa a kan wofi sai a ga bakin bindiga ya sunkuya ƙasa, idanu sun rufe, kafaɗa ta zabura, alhali babu abin da ya tashi. Maigida yakan ce masa, “Alhaji, ka ga inda harbinka yake zuwa a daji.” Har yau haka muke yi wa duk mai neman .300 Winchester Magnum ko .375 H&H. Wannan na biyun, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, yana jefa giram 19.4, yana kuma kashe gadu sarai, amma naushinsa ya ninka na .308 har da ɗoriya. Wanda ya riga ya mallake ta kuma ya saba da ita, ya je da abarsa. Wanda zai saya domin gadu kawai, muna hana shi.

Bayan faɗi sai ƙirar harsashin kanta, kuma a nan ne muke yawan samun saɓani da masu ciniki. Mutum zai kashe dukiya a kan bindiga, amma idan aka zo kan harsashi sai ya tsaya yana taya mafi araha, irin mai siririyar rigar jan ƙarfe da dalma mai laushi, wanda ke rabuwa gida biyu da zarar ya taɓa ƙashi. Wasu ma sukan kawo na gasar harbin takarda, ko mai rufaffen kai wanda ba ya buɗewa sam, sai ya wuce ta jikin dabba kamar allura ya bar ta da rai. Abin da ake bukata shi ne wanda kansa zai buɗe a hankali, gindinsa ya riƙe nauyi ya ci gaba da tafiya. Nosler Partition, wanda aka fara yi a 1948, yana da shamaki a tsakiya da ke tsare dalmar baya ko da ta gaba ta watse. Akwai waɗanda aka manne dalmarsu da rigar, akwai kuma na jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes, duka suna yin abin da ake so. Dillalai ma suna ba mu wahala a nan: sai ka yi odar nauyi kaza, a aiko maka da wani dabam a ce ai duk ɗaya ne, alhali sauya nauyi yana sauya inda harsashi ke faɗawa, dole a sake saiti daga farko. Irin wannan kaya mayar da shi muke yi.

Bindiga ba ta fita daga hannunmu sai mun bi ta gaba da baya. Muna leƙa tsagin da ke murɗe a cikin bututu mu ga ko tsatsa ta ci shi, mu duba leɓen baki, domin ɗan lauyewa kaɗan a wurin yana karkatar da harsashi. Muna zaunar da ƙarfen a cikin itacensa ya kwanta daram, mu sassaƙe inda itace ke taɓa bututu har takarda ta iya wucewa a tsakaninsu, mu gyara kunama ta riƙa sakin harbi a nauyin kusan kilo ɗaya da rabi ba tare da jan ƙafa ba. Madubi kuwa muna ɗaure shi da ma'aunin ƙarfin ɗauri, dunƙule bayan dunƙule. Jabun madubai masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni sun cika kasuwa, da zobban ɗauri na gwangwani, harbi kaɗan sai saitinsu ya gudu, mai bindiga kuma ya dawo yana zargin harsashi. Ma'auninmu shi ne harbi uku su taru cikin santimita 3 a nisan mita 100. Da wannan saiti harsashin .308 yana sauka da kimanin santimita 10 zuwa 13 a mita 200, gadu kuwa yawanci a mashaya ake samunsa da tsakar rana, a nisan da bai kai haka ba, domin ganinsa ba shi da ƙarfi, hancinsa da kunnensa ne abin kiyayewa.

Wurin da za a auna shi ma muna nuna shi a kan zane kafin mutum ya tafi. Zuciyar gadu tana ƙasa kuma tana gaba, a tsakanin ƙafafun gaba, don haka a bi layin ƙafar gaba a hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki. Gezar bayansa tana sa a ga kamar ya fi haka tsawo, shi ya sa da yawa suke harbi sama. Idan ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, jikinsa ya karkata, gara a jira ya miƙe. Harbin kai yana fasa haure, ƙwaƙwalwar kuma ƙarama ce, kuskuren 'yan santimita sai ya karya muƙamuƙi ya bar dabba da yunwa. Macen da ke tafe da 'ya'ya ba a harbinta, ana kuma gane namiji da manyan tsiro biyu-biyu a kowane gefen fuska.

Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan mafi ƙarancin harsashin da aka yarda da shi da kuma lokacin farauta, saboda haka ba ma karɓar bindiga sai mun ga lasisinta, muna kuma tambayar izinin farautar yankin da za a je. Idan mun gama, mukan rubuta wa mai ita sunan harsashin da muka yi saiti da shi da nauyinsa, mu ce ya sayi isasshe daga kwali iri ɗaya, ya kuma yi harbin gwaji a kan sandunan jingina bayan ya isa daji, domin girgizar hanya tana iya motsa madubi.