Na Tsare Wuta, Ruwa Ya Ci Ni

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare mai gadi ya kira ni. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Alhaji, kujeru suna iyo." Na ɗauka barci ne bai sake shi ba, na ce ya maimaita. Ya ce in dai ina da hali in taho yanzu, don ruwa ya kai masa gwiwa a gaban allo. A watan Agusta ne, saura kwana goma sha ɗaya mu buɗe tsohon gidan siliman da na gyara a Kakuri, Kaduna, katin gayyata ma har ya fita.

Wanda ya san Kakuri a shekarun baya ya san abin da ya ja ni ga wannan gini. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 unguwar nan ba ta barci, jiniya ta yi kuka wasu su fito wasu su shiga, ranar albashi kuwa layin tikiti sai ya zagaye kwana. Wani Kwara, wato mutumin Lebanon, shi ne ya gina gidan siliman, irin ginin da: bango huɗu masu tsawo, babu rufi sai sararin Allah, benci a gaba na masu ƙaramin ƙarfi, kujeru a baya kusa da ɗakin inji. A nan na fara ganin fim ɗin Indiya, a ɓoye, na kuma sha bulala a kai. Bidiyo ya fara rage masa mutane, sannan masaƙun suka bi juna suna rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, shagunan layin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ginin ya zama sito na wani lokaci, daga baya ya zama makwancin awaki da juji. Sanda na karɓi hayarsa daga magada na shekara goma, har bishiyar ɗurumi ta tsiro a jikin bangon hagu.

Ba zan ɓata lokaci a kan takardu ba. Lasisi, gaisuwar mai unguwa, zama da liman don ya ji cewa ba gidan 'yan iska muke son maidowa ba, duk sun tafi daidai, fiye ma da yadda na zata. Abin da ya cika mini kai tun ranar farko shi ne gobara. Duk ɗan Arewa da ya taɓa sha'awar harkar silima ya ji labarin El Duniya a Kano, 1951, inda wuta ta tashi ana tsakiyar kallo mutum 331 suka rasu. Kakata takan kawo labarin duk sanda take son hana mu fita da dare. Saboda haka na fasa bango na ƙara ƙofofi biyu, na sa duk ƙofofin su riƙa buɗewa ta waje, na cire tsofaffin wayoyin lantarki kaf, na sayi tukwanen kashe gobara har mai sayarwa ya tambaye ni ko gidan mai zan buɗe. A wannan fanni ba ni da nadama ko ta sisin kwabo. Amma hankalina duka ya tafi can, ban bar wa komai saura ba.

Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana juya inji a gidan. Da ya ji ana gyara sai ya fara zuwa kullum da safe, ya zauna a kan bulo yana kallonmu. Shi ya nuna mini yadda ake aiki da injina biyun da muka tarar a ɗakin sama sun yi tsatsa: kowane faifai minti ashirin ne ko kusa da haka, in ya kusa ƙarewa alama takan fito a kusurwar allo, sai a tayar da ɗayan injin ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Hasken kuma daga sandunan kabon guda biyu yake fitowa, dole mutum ya tsaya yana matso da su suna ƙonewa. Mun tarar da wasu gwangwanayen fim, da aka buɗe sai warin tsami ya buge mu, ya ce sun riga sun mutu. Ina jin daɗin hirarsa sosai. Matsalata ita ce na ɗauke shi a matsayin mai ba da labarin da, ban ɗauke shi wanda ya san ginin ba.

Daɓen gidan silima gangare ne, daga baya yake sauka zuwa gaba don na baya ya hango allo ta saman kan na gaba. Kowa ya san wannan. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, gidan da ba shi da rufi kuma ƙasansa gangare, ai kwarya ce aka ajiye wa damina. A gindin bangon allo akwai rariya guda uku, kowacce hannu zai shiga har kafaɗa. Ta nan ɓeraye suke shigowa, ta nan warin kwatar bayan gida yake busowa. Ni kuwa na riga na zana dandamali a kaina, mai tayil, inda za a yi taron biki da wa'azi da wasan yara, don na san fim shi kaɗai ba zai biya haya ba. Na ce wa magini ya toshe su da kankare.

Dattijon ya taso daga kan bulonsa ya ce, "Ɗana, waɗannan ramukan ba na ɓera ba ne. Kwaran nan da kansa yake zuwa da sanda yana zungurarsu in hadari ya haɗu."

Na ce, "Baba, ai rufi za mu yi, zamanin ya wuce."

Bai ƙara magana ba, ya koma ya zauna. Maginin ma ya ɗan yi jim da cokalinsa a hannu, amma mai kuɗi ya yi magana. Buhun siminti ɗaya bai ƙare ba aka gama. Har yau in na tuna arhar wannan ɓarna sai raina ya ƙara ɓaci.

Rufin da na yi taƙama da shi kuwa rabi aka yi. Kuɗin ƙarfe da kwano ya tashi a tsakiyar aiki, sai na yanke shawarar rufe baya, wurin kujeru masu katifa, a bar gaba a buɗe zuwa baɗi, har ina cewa ai hakan ya fi kama da yadda yake a da. Kafinta ya karkata kwanon zuwa gaba domin shi ne mai sauƙi, indararo kuma aka ce sai an gama fenti. Wato duk ruwan da ya sauka a kan sabon rufin, gaban allo yake zuba, a wurin da na toshe wa hanya da hannuna. Ruwan Yuni da Yuli bai tona mini asiri ba don leburori suna nan kullum, su kwashe da bokiti su share, ba wanda ya ga abin ya kai a faɗa mini. Ko kuma sun faɗa ban ji ba, wannan ma ba zan rantse ba.

Da na isa a daren nan fitilar waya na haska. Kujerun roba na gaba suna ta yawo kamar agwagi. Wannan bai dame ni ba, roba ce. Manyan lasifikoki huɗu da na'urar ƙara sauti, da kwana biyu kacal da ɗaura su a ƙarƙashin dandamali don kada a ga wayoyi, suna cikin ruwa tsundum. Su ne abu mafi tsada da na saya bayan majigin zamani, kuma da kuɗin yayana na saye su. Muka nemo diga muka fara fasa kankaren cikin duhu, ni da mai gadi da wani mai shayi da Allah ya kawo. Da muka huda rariya ta farko na yi hamdala, sai na ga ruwan bai ragu ba. Shigowa ma yake yi.

Wannan ne abin da ko dattijon bai sani ba. A shekarun da gidan yake rufe an sha zuba ƙasa a lungun baya, kowane mai gida yana ɗaga ƙofarsa, kwatar ta cika da leda da yashi har ta fi bakin rariyar tudu. Ko da ban toshe ba sai na sha ruwa, illa dai da na gane tun ruwan farko, tun ban sa ko waya ɗaya a ƙasa ba. Toshewar ce ta ɓoye mini ciwon har ya nuna.

Bayan kwana uku ruwa ya janye, sai ga tsaga a bangon allo, daga ƙasa ta hau kamar tsayin mutum. Bangon nan shi ne gidan. Dogo ne, shi kaɗai yake tsaye ba abin da ya tallafe shi ta sama, kuma ruwan da ya kwanta ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashin tushensa ta yi laushi. A nan ne na kira injiniyan gini, wanda da farko na ce kuɗinsa ɓarna ne tunda ba sabon gini nake yi ba. Ya zo da na'urar awon tudu da gangare, cikin awa ɗaya ya nuna mini a takarda abin da ya ci mini wata biyar. Aka tone gindin bangon kaɗan-kaɗan, ba a lokaci ɗaya ba don kada ya zauna, ana zuba kankare da rodi. Aka yi masa ginshiƙai uku ta baya. Aka fasa tayil ɗina mai kyau aka haƙa rami mai murfi a wuri mafi ƙasa, da injin jan ruwa mai tashi da kansa, da bututu har zuwa babban lambatun bakin titi. Indararo aka juya shi waje. Na sayar da filina na Rigasa. Yayana bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo, matarsa ce dai ta tambayi tawa ko silimar ta kifi ce.

In wani zai taɓa tsohon gini irin wannan, abin da zan ce masa bai da yawa. Kada ka sayi fenti, kada ka sayi kujera, sai ka tsaya a cikinsa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da lema a hannunka, ka ga inda ruwan yake zuwa da inda yake fita, ka kuma zagaya baya ka duba ko unguwar ta fi ginin tudu yanzu. Duk rami ko taga ko tudun da ba ka gane amfaninsa ba, bar shi sai ka sami wanda ya yi aiki a wurin. Kayan sauti kuma a rataye su sama, ko da wayoyin za su yi muni. Ni na ɓoye waya na rasa lasifika.

Mun buɗe a watan Janairu, cikin hunturu, da lasifikokin haya. Ƙwallon Turai ce take biyan mai da ma'aikata, gaskiya ke nan, fim ɗin Hausa ranar Juma'a da Asabar, da sashen iyali daban. Mai tsire ya dawo bakin ƙofa, shaguna biyu a layin sun sake buɗewa, ba zan ce saboda ni ba ne amma ina ƙirga su. Daren farko wasu tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka zo, suka ƙi kujerun katifa, suka ce su 'yan gaba ne tun asali. Dattijon na sa masa kujera a ɗakin inji kusa da tsofaffin injinansa, da muka goge muka bari don kallo. Da ya ga majigin zamani ana danna maɓalli ɗaya fim ya tafi awa biyu ba canji, ya ce wannan ai aikin malalata ne.

Bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Abin da ya yi, ranar da hadarin farko na bana ya haɗu, ya zo da wata tsohuwar sandar gora ya jingine ta a bakin ofishina ya wuce. Injin jan ruwan yana aiki lafiya, na gwada shi ya fi sau goma, amma ranar sai da na ɗaga murfin ramin na zungura. Rabin kuɗin yayana har yanzu yana kaina, gaban allo kuma har yanzu babu rufi.