Kwanson harsashi biyu a hannun Kawu

Yau bayan la'asar na leƙa gidan Kawu a Aboabo, nan Kumasi, na tarar ya zazzage tsohuwar jakarsa ta farauta yana goge kaya, kawai sai ya ce miƙo hannunka ɗana, ya ɗora min kwanson harsashi biyu. Ɗaya 9.3x62 ne, na Jamus, tun 1905, ɗayan .375 H&H na Ingila wanda ya fito 1912. Kaurin bakinsu kusan ɗaya wallahi, amma na Ingilan ya fi tsawo, cikinsa ya fi cin albarushi, shi ya sa in ka harba yake tokarin kafaɗa sosai. Ya ce na Jamus ɗin turawa yake yi a hankali kamar mutum ya dafa ka, ɗayan kuwa naushi ne, kuma in bindigar ba ta da nauyi abin ya fi muni. Wai masu cika harsashinsu da hannu sikeli suke sawa su auna albarushin, ba a yin shi da ka, shi kuwa da ya fara da bindigar toka da ido yake aunawa, rannan albarushin ya zarce ƙima.

Sai ya janye wuyan rigarsa ya nuna min kafaɗar dama, ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Shekara nawa ina gaishe shi kullum ban taɓa lura ba. Har na hau trotro zuwa Kejetia kafaɗar nan nake gani.